Wane kifi ne zai ci gansakuka a tankin siklid ya kuma kwana da ransa?

Yau za mu ɗan ajiye maganar tarwaɗa da kaji mu leƙa ɓangaren kifin ado, saboda wata tambaya da ke yawan zuwa mini daga waɗanda suka fara ajiye siklid a tankin gilashi, wasu don falonsu, wasu don sayar wa ofisoshi da otal-otal: "Gilashina ya yi kore da gansakuka, wane kifi zan saka ya share min?"

Siklid ba baƙo ba ne a wajenmu, domin karfasar da muke kiwo 'yar gidan ce. Duk wanda ya taɓa ganin namijin karfasa ya haƙa gurbi a ƙasan kududdufi yana korar duk kifin da ya matso, to ya san halin dangin gaba ɗaya. Na adon, irin su mbuna na tafkin Malawi da oska na Kudancin Amurka, haka suke, har ma sun fi. Bambancin kawai, a kududdufi wanda aka kora yana da wurin gudu, a gilashi mai tsawon mita ɗaya kuwa babu. Shi ya sa mutum zai saya da tsada da yamma, da safe ya tarar da gawa.

Ni abin da nake dubawa shi ne: jikinsa na da sulke? Ya fi ƙarfin bakin siklid ɗin? Da dare yake fita, lokacin da masu faɗan suka lafa?

Wanda ya fi cika waɗannan shi ne ɗan ƙaramin fileko mai gashin baki, wanda masu sayarwa ke kira bristlenose, a littafi kuma Ancistrus. Fatarsa faranti-faranti ce ta ƙashi, yini yake a ɓoye, dare ya yi ya fito yana kankare gilashi da duwatsu. Girmansa ba ya wuce santimita 12 zuwa 15, kuma duk da asalinsa ɗan Kudancin Amurka ne, yana jure ruwa mai ɗan kanwa-kanwa irin wanda mbuna ke so, wato pH wajen 7.8 zuwa 8.2. Amma fa sulken bai rufe ido ba, kuma mbuna kan tsone masa ido in ba shi da maɓoya. Ka tanadar masa rami tun kafin ya iso: guntun bututun roba ko fasasshiyar tukunyar ƙasa, mai bakin da shi zai shiga amma babban siklid ba zai iya ba. Biyu ko uku, ba ɗaya ba. Kada kuma ka sayi ɗan tsaki don ya fi araha. Nemi wanda ya kai santimita 7 ko 8.

In oska gare ka, lissafin ya canza. Oska na kai santimita 30, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Matsalar ita ce kifayen nan suna miƙar da ƙayar gefensu su kulle ta in an kama su, kamar yadda kurungu ke yi a hannun masunci. Sai ya maƙale a maƙogwaron oska, ka rasa biyun. A nan babban fileko ne ya dace, amma ka sani yana kai santimita 40 zuwa 50, yana kashi kamar me, kuma da ya girma sai ya rage cin gansakuka ya koma jiran abinci. In tankinka bai kai lita 400 ba, ni dai ban ba ka shawara ba. Don Allah kuma in ya yi maka girma kada ka kai shi rafi ko dam. A Meziko an saki irinsa a dam ɗin Infiernillo, ya hayayyafa ya cika ragar masunta har kamun karfasa ya faɗi.

Kurungu fa? Da yawa suna saka shi da sunan mai shara. Zama da siklid kam yana iyawa, ƙayarsa ta isar masa, ga shi na gida mai sauƙin samu. Sai dai aikinsa tsince ragowar abinci a ƙasa ne, ba zai wanke maka gilashi ba. Duk da haka yana da amfani, tunda ruɓaɓɓen abinci na cikin abin da ke ciyar da gansakukar. Wanda ke son haifar da siklid don sayarwa ya kiyayi nau'in kurungu mai ɗigo-ɗigo na tafkin Tanganyika, Synodontis multipunctatus. Yana zuba ƙwansa lokacin da macen siklid ke kwashe nata a baki, ta haɗa da nasa, nasa su riga ƙyanƙyashewa su cinye 'ya'yanta a cikin bakinta.

Otosinklus da ƙananan jatan lande, manta da su, kalaci ne. Dodon koɗin nerite gwani ne wajen share gilashi, amma siklid kan kifar da shi ya yi ta tsakurarsa. Wanda ake kira mai cin gansakuka na Sin kuwa, yana ƙarami yana aiki, in ya girma sai ya koma manne wa jikin wasu kifaye yana tsotsar santsinsu.

Ranar da za ka saka sabon, ka ciyar da siklid ɗin su ƙoshi, ka sauya wa duwatsu wuri don kowa ya rikice da neman gida, ka kashe fitila, sannan ka sake shi. Bayan nan ka riƙa jefa masa yankan kokwamba da dare sau biyu ko uku a mako, ka cire ragowar da safe. Gansakukar gilashi kaɗai ba ta riƙe shi.

Sai wani abu da nake yawan gani a hotunan da ake turo mini: tanki a bakin taga, saboda rashin wutar NEPA. Hasken rana kai tsaye da yawan abinci su ne ke haifar da koren nan, kuma ko fileko goma ka zuba ba za su cim masa ba. A kududdufin karfasa koren ruwa abinci ne, har taki muke zubawa don ya zo. A gilashi kuwa alama ce ta haske ya yi yawa. Janye tankin daga taga, fitila kada ta wuce awa 8 a rana, ka ba da abincin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3, ka kuma canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. In mbuna kake ajiyewa, gilashin gaba kawai za ka goge, ka bar ta kan duwatsu, domin a tafkin Malawi ita suke kankara su ci.