Mota Mai Ɗaki Ta Hannu: Abubuwan Da Ya Kamata A Bincika Kafin Biyan Kuɗi

LEGAS – Daga cikin motocin hannu da ake sayarwa a kasuwannin Turai da Amurka akwai wani nau'i da ba a cika ganinsa a titunan Nijeriya ba, wato mota mai ɗaki, wadda aka yi wa gado da madafa da makewayi a baya. Turawa na tafiya hutu da ita, amma ɗan kasuwa na iya mayar da ita ofishin tafi-da-gidanka a wurin aikin kwangila, ko ɗakin shan magani a karkara.

Irin wannan mota abu biyu ce a haɗe. Kamfanoni kamar Hymer na Jamus kan ɗora ɗakin ne a kan shasin Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter. Inji da giya bakanike zai iya gyarawa, amma kayan gyaran ɗakin sai an yi odarsu daga waje. Saboda haka asara mafi girma daga ɗakin take fitowa.

Babban abin tsoro shi ne laima. Idan ɗankon da ya toshe mahaɗar rufi da gefen tagogi ya tsufa, ruwan sama kan riƙa shiga a hankali, ya ruɓar da katakon da ke cikin bango shekara da shekaru ba tare da an gani daga waje ba. Ya kamata wakilin mai saye ya buɗe kowane kabad, ya duba kusurwoyin rufi, ya taka kowane sashe na daɓen. Warin fumfuna, ko tabo a bango, ko daɓe mai lotsawa, duk alamu ne na ɓarnar da gyaranta kan cinye ribar cinikin. Akwai ƙaramar na'urar auna danshi, kuma bai kamata a kammala ciniki ba sai an gwada bangon da ita.

Haka nan ƙarancin kilomita kada ya ruɗi mai saye, domin motar kan yi watanni a ajiye. Tayar da ta daɗe a tsaye tana tsattsagewa ko da zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin DOT da ke gefenta suna nuna shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. A leƙa ƙarƙashin motar kuma, saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi yana kawo tsatsa.

Sai batun wuta da gas. Kayan lantarkin motocin Amurka na aiki da bolt 120, alhali Nijeriya na amfani da 230 kamar Turai, don haka ta Turai ta fi dacewa. A kunna firji da murhu da famfon ruwa ɗaya bayan ɗaya, a kuma tabbatar bututun gas ba ya yoyo.

Ta fuskar doka, tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma ba a yarda da mota mai sitiyari a dama ba, abin da ya fitar da yawancin motocin Ingila daga lissafi. A 2022 Hukumar Kwastan ta fara ƙiyasta haraji da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, don haka dole lambar da ke jikin mota ta yi daidai da ta takardu. Kuɗin jirgin ruwa ma ya danganta da tsawo da tsayin motar, wanda ya sa ya zarce na ƙaramar mota sosai.

Duk aibin da aka gano a inji ko taya ana iya rage kuɗinsa daga farashi. Amma motar da laima ta ci bangonta, barinta ya fi sayenta ko da an karyar da ita.