Wa Ke Zama Gaba, Wa Ke Zama Baya?

 A ziyarce-ziyarcen da muke kaiwa ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun, akwai abin da ya tsaya mana a rai, wato yadda muke auna darajar mutum.

Tsofaffinmu ba su manta da Bakolori ba. An gama gina dam ɗin a kan Gulbin Sakkwato a 1978 domin noman rani. Ruwa ya ci gonaki da gidaje, aka tayar da dubban mutane a ƙasar Maradun. Manoma suka yi ta kuka a kan diyya, amma maganar talaka ba ta yi nauyi ba. A watan Afrilu na 1980, bayan manoma sun tare hanyoyin aikin, aka turo 'yan sanda, aka kashe mutane da yawa. Da sunan manoma aka yi aikin, amma su ne na ƙarshe da aka saurara.

To, kada mu yi saurin ganin laifin wasu. Ranar rabon hatsi ko taki a majami'a, sunan wa muke fara rubutawa? Mu kanmu ma'aikata mun taɓa barin masu faɗa a ji su kaɗai su kawo mana sunaye. Daga baya muka tarar an tsallake gwauraye da 'yan gudun hijirar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Ba wanda ya kore su. Kunya ce ta hana su matsowa, mu kuwa ba mu neme su ba.

Yaƙub sura 2 ta yi maganar wannan tiryan-tiryan: a ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, a bar matalauci a tsaye ko a ƙasa. Yaƙub bai ce rashin dabara ba ne, zunubi ya kira shi. A Luka 14 Ubangiji ya koyar da mu zaɓi wurin zama na baya, mu kuma gayyaci waɗanda ba za su iya rama mana ba. A Yohanna 13 shi da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi.

Tawali'u ba ya hana mu girmama sarki, fasto ko dattijo. Ba kuma cewa aka yi talaka ya yi shiru a danne masa haƙƙi ba. Wannan tsoro ne. Nauyin ya fi hawa kan mai matsayi: dattijo ya saurari yaro har ya gama magana, mai takardar makaranta (da mu a ciki) ya zauna a tabarma ɗaya da mahauci da wanzami ba tare da jin ya yi musu alfarma ba.

Manoman rani sun san gonar da ke ƙarshen magudana ita ruwa ke isa a makare, don haka can ake zuwa a ga ko ruwa ya wadata. Haka muke roƙon kowace ikkilisiya ta yi kafin rabo na gaba. A sa 'yan zumuntar mata biyu da ɗan gudun hijira ɗaya cikin kwamiti, su bi gida-gida, su fara daga bakin gari. Bayan sujada a karanta sunayen a gaban kowa, a ba da mako guda domin a kawo na waɗanda aka manta.