Kumburin Ƙafa Bayan Rauni

'Yan'uwa manoma, da damina wasunmu sukan yi targaɗe ko karaya, ko su sari ƙafa da fartanya. Bayan an dawo daga asibiti, sauran aiki yana gida.

Kumburi ruwa ne da jini da suke taruwa a wurin rauni. Ruwa kuwa gangare yake bi. Saboda haka mai ciwo ya kwanta, a ɗora ƙafar bisa buhun hatsi har ta fi ƙirjinsa tudu. A kwana 2 na farko, a jiƙa tsumma da ruwan randa, a sa a wurin minti 20, sau 4 a rana, amma kada a jiƙa filasta ko buɗaɗɗen rauni. Ya riƙa motsa yatsu domin jini ya gudana. In zafi ya dame shi, ya sha Panadol yadda malamin asibiti ya faɗa.

Ɗauri mai tsanani, ko da na maɗori ne, yakan hana jini wucewa, har ƙafa ta ruɓe a yanke ta. In yatsu sun yi sanyi ko sun mutu, a sassauta ɗaurin, a tafi asibiti. Haka kuma in sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko an ga zazzaɓi da mugunya, ko muƙamuƙi ya sarƙe. A tafi ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Tunanin gona shi ke ta da mai ciwo tun bai warke ba. Mu 'yan ƙungiya mu yi masa gayya, ya samu ya huta.