Gashin Yashi: Yin Kayan Zaƙi Tare da Yara a Ƙasar Kurfai

Garin Sanam yana arewa maso gabashin jihar Tilaberi ta ƙasar Nijar, a kan hanyar da ta tashi daga Filinge ta nufi Tawa. Tun 2011 yana ƙarƙashin Abala a tsarin mulki, amma ta fuskar zumunta da kasuwa, fuskarsa na kallon Filinge da sauran ƙasar Kurfai. A gari irin wannan, gidan da ke da abin gashi na lantarki ko na gas sai an tona. Wannan bai hana yaran garin sanin daɗin abin zaƙi ba, bai kuma hana iyayensu mata gasa shi ba. Turmi da taɓarya, rariya, tukunya mai murfi, yashi da garwashi, su ne kayan aikin, kuma sun wadatar.

Uwar da za ta sa yara cikin wannan aiki, abu ɗaya za ta fara tsarawa a ranta: wane aiki ne na wuta, wane ne ba na wuta ba. Duk abin da ake yi da hannu a sanyi, kamar tsinta da tankaɗe da awo da kwaɓi da mulmula, yaro zai iya, har ɗan shekara huɗu yana da rabonsa a ciki. Abin da ya taɓa wuta kuwa na babba ne. Idan wannan rabo ya zauna, sauran mai sauƙi ne.

Ɗaya daga cikin tsofaffin kayan zaƙin Sahel ba ya bukatar sukari ko kaɗan. Bayan kaka, idan iskar ɗari ta fara kaɗawa, magarya kan nuna, ta yi ja, ta bushe a jikin uwarta ko ta zubo ƙasa. Yara ne masu tsintarta tun asali, sun kuma san wace bishiya ce mai zaƙi, wace ce mai bauri, fiye da kowane babba. Ana ƙara shanya ta har ta bushe ƙarau, sannan a zuba a turmi a sassaƙa a hankali. Nan ne gwanintar take: ana son naman ya rabu da ƙwallon ba tare da ƙwallon ya fashe ba, domin idan ya fashe garin zai yi tsakuwa a haƙori. Sai a tankaɗe, a samu gari mai launin ƙasa-ƙasa mai ƙamshi. A yayyafa masa ruwa kaɗan, daidai yadda zai kama jikinsa idan an dunƙula, a danna shi cikin ƙaramin ƙoƙo ko ludayi ya ɗauki siffa. Wasu turara shi suke yi kamar dambu, wasu su gasa a ramin da aka riga aka zafafa da wuta. Abin da ya fito shi ne akuri. Zaƙinsa na 'ya'yan itacen ne, kuma makiyaya da matafiya sun daɗe suna riƙe shi guzuri saboda ba ya saurin lalacewa. Daga tsinta har dannawa cikin ƙoƙo babu inda yaro zai ƙone, shi ya sa a ganina da akuri ya kamata a fara koya masa, tun kafin a kai ga fulawa.

Daƙuwa ce ke bi masa. Gyaɗa soyayya, da aya ko gero soyayye, da ɗan sukari, citta da barkono kaɗan, a daka su wuri ɗaya har man gyaɗar ya fito ya haɗe su, sai a mulmula. Ayar da ake samu a kasuwannin yammacin ƙasar yawanci daga jihar Maraɗi take zuwa, inda ake nomanta sosai. Kafin gyaɗa ta shiga tukunya akwai aikin da bai kamata a yi masa gaggawa ba, wato tsinta. A baza ta a faifai, a zaunar da yara su fitar da duk wadda ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana ɗauke da wata guba mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Zubar da irin wannan gyaɗa ake yi, ba a ba yaro ya tauna don kada ta yi asara.

Duk wanda ya taɓa kallon mai suyar gyaɗa ya san da yashi take soya ta. Yashi yana ɗaukar zafi a hankali, ya riƙe shi, ya raba shi daidai, shi ya sa gyaɗar ba ta ƙuna ta gefe ɗaya. Wannan dabara ita ce ke mayar da tukunyar tuwo abin gasa gato, wanda a Najeriya ake ce wa kek.

Ana samun yashi mai tsabta, busasshe, a tankaɗe shi, a zuba a gindin babbar tukunya kaurin yatsu uku. A rufe, a ɗora a kan garwashi kamar minti 15 zuwa 20. Garwashi ake so, ba harshen wuta ba. Karan gero yana ci bal-bal ya mutu nan take, don haka bai dace da wannan aiki ba, sai gawayi ko icce mai ƙwari da ya riga ya ruru. Littattafan girki suna cewa a gasa gato a zafin digiri 180. Mai tukunya ba ta da ma'aunin zafi, amma tana da gwaji: ta barbaɗa ɗan garin fulawa a kan murfin gwangwani ta ajiye a kan yashin. Idan ya yi baƙi nan da nan, wuta ta yi yawa, sai a janye garwashi. Idan ya ɗauki 'yan mintoci kafin ya yi ja, tukunya ta yi daidai. Da yake zafin daga ƙasa yake tasowa, ana ɗora ɗan garwashi a kan murfi domin saman gaton ya gasu shi ma.

Kwaɓin da ya fi dacewa da ƙasar Kurfai shi ne na kindirmo. Ƙasa ce ta shanu: a tashar kiwo ta Tukunus, arewa da Filinge, tun 1954 ake kiwon zaɓaɓɓun shanun Azawak, waɗanda suka yi suna wajen nono a duk Sahel, kuma da damina da kaka kindirmo ba ya wuya a rugage da kasuwanni. A Faransa ma irin wannan gato ne yara da yawa ke fara koyo, saboda dalili ɗaya: ba ya bukatar sikeli. Kofin da aka auna nonon da shi, shi ne ma'aunin komai. Kindirmo kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya da rabi, fulawa kofi uku, man gyaɗa rabin kofi, ƙwan kaji uku, bakin hoda cokalin shayi biyu, da ɗan gishiri. Kofin ya zama madaidaici, kamar ƙaramin gwangwanin madara. Yaron da ya auna "uku" da "ɗaya da rabi" da "rabi" da hannunsa, ya ga abin da suka zama, ranar da malamin lakwal ya rubuta su a allo ba za su zame masa baƙi ba.

Da damina ƙwan zabi ne ya fi yawa a kasuwa. Ya fi na kaza ƙanƙanta, don haka sai a sa huɗu. Gwada shi aikin yara ne, kuma suna son sa ƙwarai. A cika ƙwarya da ruwa, yaro ya saki ƙwai ɗaya-ɗaya a hankali. Mai kyau zai nutse ya kwanta a gindin ƙwarya. Wanda ya daɗe sai ya miƙe tsaye, wanda ya lalace kuma ya taso sama yana yawo.

"Inna, wannan ya ƙi nutsewa!"

"Fid da shi gefe, ɗiyata, bara-gurbi ne. Kawo na gaba."

Ko wanda ya nutse ɗin, a fasa shi a wani ƙoƙo dabam tukuna, kada guda ɗaya ya ɓata kwaɓi duka. Ɓawon ƙwan zabi yana da tauri, ƙaramin yaro zai sha fama kafin ya fasa. A bar shi ya yi famansa.

Me ke sa gato ya tashi? Bakin hoda, wadda wani masanin haɗa magunguna mai suna Alfred Bird ya fara haɗawa a birnin Birmingham na Ingila a 1843, gari ne da ya ƙunshi abu mai tsami da abu irin kanwa. Suna zaune lafiya muddin a bushe suke. Da sun ji ruwa da zafi sai su fitar da iska, iskar ta maƙale cikin kwaɓi ta kumbura shi, zafi kuma ya ƙame shi a haka. Matan Hausa sun san rabin wannan sirri tun da daɗewa, domin da ruwan kanwa suke kashe tsamin ƙullun waina da na alkaki, kuma kanwar ma a kudancin Dallol Boso ake haƙo ta, kwarin da Filinge ke zaune a cikinsa. Wanda ke son yara su gani da idonsu, ya matsa lemon tsami a kofi ya ɗiga ruwan kanwa, su kalli kumfar da za ta taso. Sai dai a gato bakin hoda ta fi tabbas, domin ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, kuma idan ta yi yawa ɗanɗano ya ɓaci. Saboda iskar nan ne ba a barin kwaɓi ya zauna bayan an sa hodar, ba a kuma yi masa bugun wuce kima: da fulawa ta ɓace a ciki, a dakata.

Yara su shafa mai a ƙananan kofunan ƙarfe, su zuba kwaɓi zuwa rabi ko ɗan sama da haka. Da yawa suna amfani da gwangwanin tumatir ko na kifi. In shi za a yi amfani da shi, babba ya daddanne bakinsa mai kaifi, a guji mai tsatsa da wanda aka shafe cikinsa da fenti. Daga nan aiki ya koma hannun uwa. Ita za ta jera kofunan a kan yashi, ta rufe. Ƙanana sukan gasu cikin minti 20 zuwa 25, kuma a minti 15 na farko ba a buɗe tukunya, ko da yara sun dame ta da "Inna, a duba", domin iska mai sanyi na shiga gaton zai faɗa. Idan ƙamshi ya cika gida, a soka tsinken tsintsiya mai tsabta a tsakiya. Ya fito a bushe, an gama.

Tuwon madara da gullisuwa da cincin duk suna bin wannan tsari: yara su murza, su yanka, su mulmula, babba ya dafa ruwan sukari ko ya tsaya a kan mai.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne wanda ya fi kama da wasa, wato kantu da alewa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma sukarin da aka narka don kantun riɗi ko na gyaɗa yakan kai 150, kuma idan ya zuba a fata manne mata yake yi, ya ci gaba da ci. Lokacin da yake kan wuta, yara su koma bakin ƙofar ɗaki, goyo ma a sauke shi a miƙa wa wani. Rabonsu ya zo kafin nan, wajen wanke riɗi da shafa wa tire mai, zai kuma sake zuwa bayan an baza an yanka ya huce. Idan tsautsayi ya faɗa, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. Ba a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko toka. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska ko yatsu, a kai shi likita ba tare da jira ba.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu na ƙanana. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, ko a cikin abin gashi, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya kare kansa daga gare ta ba. Gyaɗa guda-guda da alewa mai tauri kuma suna shaƙe yaron da bai kai shekara huɗu ba. A ba shi dakakkiya.

Sai batun yawan sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in da hali ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato kamar cokalin shayi shida ga babba. Na yaro bai kai haka ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son a yi a gida. Ba laifin masu tallar alewa a bakin lakwal nake gani ba, da yawansu da cinikin nan ake cefane a gidajensu. Amma uwar da ta auna da kofinta ta san abin da ya shiga, tana iya rage sukari zuwa kofi ɗaya ta cike da dakakken dabino ko garin magarya, kuma ba ta bukatar kalar ja da kore. Aljihu ma ya huta, domin fulawa da sukari kayan waje ne, sai sun bi ta Yamai ko kan iyaka kafin su iso, kuma kowa ya ga yadda farashinsu ya yi sama lokacin da aka rufe iyakokin ƙasar a 2023. Magarya da goriba da kuka kuwa suna nan a bayan gari.

Ina kuma ganin kuskure ne a kori yara maza daga bakin murhu da sunan aikin mata ne. Masu gasa burodi da masu shayi da masu tsire a kasuwar Filinge maza ne, kuma wani ne ya koya musu. Yaron da ya wanke hannu da sabulu, ya tankaɗe fulawa, ya jira tukunya ba tare da ya buɗe ba, sannan aka ɗora masa kwano aka ce ya fara kai wa kaka da maƙwabta kafin ya ci nasa, ya koyi abubuwan da faɗa da baki ba ya koyarwa.

Wajen ajiya, kowanne da ƙarkonsa. Gato mai nono da ƙwai ba ya jure zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana kan haura digiri 40. A yi daidai wanda za a cinye a yini ɗaya ko biyu. Daƙuwa takan yi kwanaki kafin man da ke cikinta ya canza wari. Kantu yana son mazubi mai murfi, saboda tururuwa, da kuma danshin damina da ke sa shi narkewa. Akurin da ya bushe sosai kuwa, in an adana shi inda ruwa ba ya taɓa shi, yakan yi watanni.