BIGFOOT: A-KORI-KURAR DA TA RIKIƊE TA ZAMA DODON MOTA

Kowane direba ya san in mota ta tare masa hanya, ko dai ya taka birki ko ya kauce. Amma a ƙasar Amurka akwai wasu direbobi da ake biyansu kuɗi musamman don su hau kan motocin da aka jera musu, su murƙushe su kamar gwangwanin madara, jama'a na tafi. Motocin da suke wannan aiki da su ana kiransu dodannin motoci, kuma uwarsu duka ita ce wata shuɗiyar mota mai suna Bigfoot, watau mai ƙatuwar ƙafa.

Mafarin al'amarin

Mai motar, Mista Bob Chandler, asalinsa ma'aikacin gini ne a yankin birnin St. Louis cikin Jihar Missouri. A shekara ta 1974 ya sayi a-kori-kura ƙirar Ford F-250, irin mai jan ƙafa huɗu. Mutum ne mai son shiga daji da taɓo da mota, saboda haka kullum cikin karya wani abu yake, ga shi kuwa kayan gyaran irin waɗannan motoci suna da wuyar samu a garinsu. Wannan ya sa cikin 1975 shi da matarsa Marilyn da abokinsa Jim Kramer suka buɗe kantin sayar da kayan gyara. Sunan Bigfoot kuwa tsokana ce da aka riƙa yi masa a kantin, wai ƙafarsa ta cika nauyi a kan totur. Da sunan ya bi shi, sai ya rubuta shi a jikin motar.

Duk abin da ya karye, sai Chandler ya musanya shi da wanda ya fi shi girma da ƙwari, domin motar ita ce tallar kantinsa. A 1979 ya sa mata kayan ƙasa na wata tsohuwar motar soja, da tayoyi masu tsawon inci 48, har ma aka gyara ta yadda ƙafafun baya su ma suna juyawa kamar na gaba. Cikin Afrilu 1981 ya ajiye akwalar motoci biyu a wata gona ya bi ta kansu, aka ɗauki hoton bidiyo ana nunawa a kanti. Wani mai shirya wasanni ya gani, ya roƙe shi ya maimaita a gaban jama'a. Da fari Chandler ya yi ɗari-ɗari, don gudun kada a ɗauke shi maɓarnaci sunan kantinsa ya ɓaci, amma daga baya ya yarda. Ba a daɗe ba aka gina Bigfoot ta biyu da tayoyi masu inci 66, watau ƙafa biyar da rabi, tsayin mutum sosai. Asalinsu tayoyin motocin watsa taki ne a manyan gonaki. Da aka nuna ta a filin wasa na Pontiac Silverdome cikin Jihar Michigan, mutum fiye da 60,000 suka kalla.

Shigowar kamfanin Ford

Kamfanin Ford ya lura da cewa ga mota mai ɗauke da tambarinsa tana tara taron da talla a jarida ba za ta tara ba. Saboda haka a 1983 ya fara ɗaukar nauyin Bigfoot, aka kuwa yi fiye da shekara 20 ana tare. Ciniki ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Chandler yana samun goyon bayan babban kamfani don ya gina sababbin motoci ya ɗauki direbobi, shi kuwa Ford sunansa yana shiga idon manoma da 'yan ƙwadago, waɗanda su ne masu sayen a-kori-kura. Amma fa mai cin kuɗin kamfani ba ya da damar shan kaye kullum. In Bigfoot ta faɗi a tsere, 'yan kallo ba za su ce Chandler ya faɗi ba, cewa za su yi Ford ta faɗi.

A wannan shekara ta 1983 aka kara Bigfoot da wata mota mai suna USA-1, ƙirar Chevrolet, mallakar Mista Everett Jasmer, don wani shirin talabijin. Daga nan gaba ta ƙullu tsakanin motocin biyu, 'yan kallo kuma suka rabu gida biyu, masu Ford da masu Chevrolet.

Shan kaye da ramuwa

Da jama'a suka fara gajiya da kallon murƙushe akwala kawai, sai hankali ya koma kan tsere. A 1988 kamfanin TNT Motorsports ya shirya gasa ta farko ta shekara guda, inda ake tara maki daga gari zuwa gari. Kowa ya zaci Bigfoot za ta cinye, amma bayan an kai ruwa rana, sai USA-1 wadda Rod Litzau yake tuƙawa ta zama zakara, Bigfoot ta huɗu ta Rich Hooser ta zo ta biyu. A shekarar da ta biyo ma ba ta samu ba, wata mota mai suna Equalizer ce ta ɗauka.

Chandler ya gane inda gizo yake saƙa. Motocin lokacin akasari an gina su ne a kan shasi mai nauyi irin na manyan motoci, da safirin masu tauri. In mota ta yi tsalle ta diro, duk jijjigar a gadon bayan direba take ƙarewa, ga karyewar kaya, ga wuyar sarrafa sitiyari. Sai ya koma kan kwamfuta ya zana sabuwar mota. A 1989 aka fito da Bigfoot ta takwas, wadda aka ƙera shasinta da bututun ƙarfe marasa nauyi, aka sa mata shokozoba masu dogon zango masu aiki da iskar naiturojin. Tana dirowa sai ta lanƙwasa ta miƙe ta ci gaba da gudu, alhali sauran suna can suna tangal-tangal.

Abin ya fi ƙarfin abokan gasa, har cikin 1990 kamfanin TNT ya dakatar da ita na wani lokaci, wai ta yi wa sauran nisa. Direbanta Andy Brass bai zauna ba, ya koma cikin tsohuwar mota ya ci gaba da tara maki. Da aka janye takunkumin ya dawo da ta takwas, kuma shi ya zama zakaran 1990. Abin da aka hana jiya shi ya zama tilas gobe, domin duk mai son cin tsere sai da ya kwaikwayi wannan ƙira, kuma har yau a kanta ake gina dodannin motoci.

Bayan haka Brass ya ci gasar da ake kira PENDA sau uku a jere, 1992 da 1993 da 1994, sa'an nan Dan Runte ya karɓe ta a 1995 da 1996. Shi Runte ne kuma ran 11 ga Satumba 1999, a garin Smyrna na Jihar Tennessee, ya tsallake jirgin sama ƙirar Boeing 727 da Bigfoot ta 14, tsalle mai nisan ƙafa 202. A 2012 ya ƙara yin wani na ƙafa 214 da inci 8 da Bigfoot ta 18, ko da yake wani direba ya zarce shi a 2013. Mai lissafi zai ga babu Bigfoot ta 13, an tsallake lambar ne saboda camfin da Turawa suke yi a kanta.

Rai ya fi kofi

Mota mai nauyin ton huɗu ko biyar tana tsalle kusa da jama'a ba abin wasa ba ce, in totur ya maƙale ko direba ya suma. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1980 Chandler da wasu abokan sana'a suka kafa ƙungiyar masu tseren dodannin motoci don tsara dokokin kiyaye haɗari. Babban abin da ya fito daga wannan yunƙuri shi ne wata na'ura mai aiki da rediyo, wadda jami'i a gefen fili zai danna ya kashe injin mota daga nesa. Yanzu ba a yarda mota ta shiga babban fili ba tare da ita ba.

Rabuwar hanya

A 1998 saɓani ya shiga tsakanin masu Bigfoot da kamfanin da yake shirya wasannin Monster Jam, a kan wa yake da ikon hotuna da finafinan motar. Chandler ya ƙi sakin haƙƙin sunansa, ya janye motocinsa. Wannan ya jawo masa hasara babba, domin Monster Jam ita ce ta zama gasa mafi girma, kuma wata mota mai suna Grave Digger ta zama tauraruwarta. Daga baya yarjejeniya da Ford ita ma ta ƙare, har a 2010 aka ga Bigfoot sanye da bodin Chevrolet, tsohon abokin gaba.

Duk da haka motar ba ta mutu ba, domin ba ta dogara da ubangida ɗaya ba. Kamfanin taya na Firestone ya daɗe yana tare da ita, kuma a 2012 masu batirin Odyssey suka ɗauki nauyin Bigfoot ta 20, mai aiki da lantarki zalla. A 2015 aka mai da garejin garin Pacific cikin Missouri, daga 2019 kuma ta shiga wasannin Hot Wheels. A 2025 aka yi bikin cikarta shekara 50. Kamfanoni sun zo sun wuce, masu shirya gasa sun sauya hannu sau da yawa, amma sunan da Chandler ya ƙi sayarwa yana nan a hannun gidansa.