Maitokondiriya: Ɗan Injin Da Ciwon Daji Ke Yi Wa Zagon Ƙasa

Ɗaliban Bayoloji, ko a Gwarzo ko a Kabo, sun haddace cewa maitokondiriya ce tashar wutar ƙwayar halitta. Ita ke ƙona sukarin tuwon da ka ci da iskar oksijin, jiki ya samu ƙarfi. Amma tana da wani aikin.

Idan ƙwaya ta lalace, maitokondiriya kan saki sinadarin saitokurom c, wanda ke umartar ƙwayar ta mutu. Ƙwayoyin ciwon daji kan toshe wannan hanya, su ƙi mutuwa, su yi ta hayayyafa.

Tun a shekarun 1920 masanin Jamus Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin daji na zuƙar sukari fiye da kima, suna fitar da asid mai suna laktik ko da akwai oksijin. Wannan tsamin yana kashe gwiwar sojojin garkuwar jiki da suka zo yaƙarsu. Sai dai kwaɗayin yana tona musu asiri, domin da shi na'urar hoton PET ke gano inda suka ɓuya.

A 2016 Amurka ta amince da venetoclax, maganin wani nau'in sankarar jini, wanda ke buɗe hanyar mutuwar da aka toshe.

Amma a kula: daina shan sukari ba ya warkar da daji. Idan wani a gidanku ya ga kulli a jiki ko yana rama ba dalili, a garzaya Babban Asibitin Gwarzo. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.