PlayStation ko Kwamfuta: Wanne Ya Fi Auki?

Duk wanda ya tashi sayen na'urar gem, farashin da ke jikin kwali ne yake fara jan hankalinsa, kuma farashin yana da daɗin ji. Da kamfanin Sony ya fitar da PS5 a watan Nuwamban 2020, mai cin faifai dala 499 ce, marar cin faifai kuma 399. A watan ne kuma Microsoft ya fito da Xbox Series S a kan dala 299. A wancan lokaci ba mai iya haɗa kwamfuta mai ƙarfin PS5 da kuɗin ita PS5 ɗin. Katin hoto kaɗai, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido yake gani a allo, zai cinye fiye da rabinsa. RTX 3060 na kamfanin Nvidia ya fito a 2021 a kan dala 329, shi ma a takarda ne kawai, domin masu haƙar kirifto sun wawashe kasuwa har farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Wannan araha ba kyauta ba ce. A shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Epic da Apple a Amurka a 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa ba sa cin riba a kan ita na'urar Xbox ɗin kanta. Ribar tana cikin wasannin. Duk wasan da ka saya ta intanet a shagonsu, mai na'urar yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100, kuma ba ka da wani shagon da za ka je. Kamar mutum ne ya sayar maka da tocila da arha, alhali shi kaɗai yake sayar da batirinta. Sabon babban wasa yanzu dala 70 ne. In kana son karawa da abokai ta intanet, yawancin wasanni sai ka biya rajistar PlayStation Plus, wanda kuɗinsa na shekara a Amurka ya tashi daga dala 60 zuwa 80 a 2023. Ka lissafa shekara biyar ka gani: ka kusa sake sayen wata na'urar.

Mai kwamfuta ba ya biyan wannan haraji. Yana shiga intanet ya yi wasa ba tare da rajistar wata-wata ba, yana jiran rangwamen da shagon Steam yake yi lokaci-lokaci, Epic kuma yana raba wasa kyauta duk mako. In katin hoto ya tsufa, sai ya cire shi ya sa wani, sauran kayan suna nan daram.

Duk wannan lissafi gaskiya ne, amma lissafin mai wutar da ba ta ɗaukewa ne da intanet marar iyaka. Mu namu daban yake, kuma abin yana damuna in na ga matashi ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa bisa shawarar wani ɗan YouTube da bai taɓa jin ƙarar janareto ba. PS5 tana shan wuta wajen wat 200 in ana wasa. Kwamfutar gem ta tebur kan ninka haka, ga allonta daban. Ga mai ƙaramin janareto ko sola, wannan bambanci shi ne zai yanke ko za a yi wasa yau ko a haƙura. Sannan ga data. Wasa irin Call of Duty yana wuce giga 100, kuma a kwamfuta kusan komai saukewa ake yi. Wasan da aka ce kyauta ne, kafin ya gama sauka ka biya shi a wajen kamfanin layi.

A nan faifai yake nuna darajarsa. Faifan da ka gama da shi za ka iya ara wa maƙwabci, ka yi musaya, ko ka sayar ka cika ka sayi wani. Wanda ka saya ta intanet ya maƙale a asusunka har abada. Shi ya sa nake roƙon duk mai niyyar sayen PS5 da ya daure ya ɗauki mai cin faifai, ko da ta fi tsada.

Ka leƙa kowane gidan gem na unguwa, za ka ga dalilin da ya sa masu sana'ar ba sa ajiye kwamfuta. Talabijin ɗaya, benci ɗaya, yara biyu kowa riƙe da nasa hannun wasa, na baya suna ihu suna jiran layi, ana buga ƙwallon da har yanzu kowa ke kira FIFA duk da an sauya mata suna zuwa EA Sports FC tun 2023. A kunna kawai a fara. Tsohuwar PS4 da ta fito tun 2013 tana nan tana ciyar da gidaje.

Sai dai in mai sayen ɗalibi ne, ko mai son koyon haɗa bidiyo, zane ko rubuta manhaja, ba na ma tsayawa dogon tunani: kwamfuta nake ce masa. PlayStation ba za ta buga masa aikin makaranta ba. Kwamfutar cinya mai katin hoto matsakaici za ta yi masa wasa da dare, da rana ta nemo masa kuɗi, kuma batirinta zai riƙe shi in an ɗauke wuta.

Tun da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, yawancin masu saye na hannu suke nema. In ka je sayen na'urar, kada ka yarda da gwajin minti biyu. A sa wasa mai nauyi ya ɗan jima, ka saurari fanka ko tana kuka, ka taɓa jikin ka ji zafi. Ka saki hannun wasan ka duba ko ɗan wasan yana tafiya shi kaɗai, domin wannan ciwo ne da ya zama ruwan dare. Sannan a haɗa ta da intanet a gabanka, don na'urar da kamfani ya toshe ba ta sake shiga.